Mayar da Porsche 911 SC ta 1982 zuwa siffar 964: inda aikin ke tafiya da inda yake cijewa

In aka jera Porsche 911 SC ta 1982 da 964 ta 1990, wato samfurin 911 da ya fito a 1989, wanda bai san motocin ba zai ce bamba kawai aka canza. Zubin rufinsu ɗaya ne, haka ƙofofi da bonet. Tazarar tayar gaba da ta baya milimita 2,272 ce a dukkansu, faɗin jiki kuma 1,652. Wannan kamanni ne ya ja masu tsofaffin 911 a Jamus da Ingila da Amurka, tun farkon shekarun 1990, suka riƙa cire musu tsohuwar bamba suna ɗora ta zamani. Irin abin da garejojinmu ke yi wa Land Cruiser da Lexus ke nan a yau, a shiga da tsohon yayi a fito da sabo. Sai dai kamfanin da kansa ya ce kashi 85 cikin ɗari na 964 sabo ne, kuma galibin sabon yana inda ido ba ya kaiwa. Duk wahalar aikin daga nan take fitowa.

Motar da za mu bi ita ce SC mai rufin ƙarfe, ƙirar 1982, mai rajistar Jamus. Injinta lita 3.0 ne a baya, iska ke sanyaya shi, ƙarfin doki 204, da giya biyar samfurin 915. Abin da ake so a sa mata: bambar gaba da ta baya na 964, murfin dokin ƙofa na gefe biyu, fitilun baya da jan gilashin tsakiya, murfin inji mai fiffike, madubai masu siffar ɗigon ruwa, da wili mai inci 17. Inji da giya da birki za a bar su yadda suke.

Kafin a kwance noti ko ɗaya

Tun daga ƙirar 1976 Porsche ke yin jikin 911 da ƙarfe mai rufin zinki, shi ya sa mutane ke ɗauka ba ta tsatsa. Tana yi. Motar da ta haura shekara arba'in, sai an duba gindin ginshiƙin da ƙofa ke rufewa a kansa, dokin ƙofa bayan an cire murfinsa, mazaunin batir a gaba ta hagu, farantin da ke riƙe da ƙafar gaba a ƙarƙashin tankin mai, kusurwoyin gilashin gaba, da ramukan fitila. A bi jikin duka da na'urar auna kaurin fenti. Fentin kamfani bai cika wuce maikiron 100 zuwa 150 ba. Inda aka ga 500 ko 1,000, akwai fila a ƙasa, wato kwaɓin da ake cike lotsawa da shi, kuma dole a san me filar ta ɓoye. Dalili: sabuwar bamba da murfin gefe za su rufe waɗannan wurare ruf, ruwa ya samu maɓoya, tsatsa ta ci ƙarfe shekara da shekaru babu mai gani.

A auna motar kuma. Daga tsakiyar kowace taya zuwa leɓen madigadi, hagu da dama, sannan a gicciye cikin but ɗin gaba. In ta taɓa cin karo aka miƙe ta da ido, tsohuwar bamba mai robar gefe kamar zugazugi tana haɗiye karkatar milimita biyar ba a lura ba. Bambar 964 ba ta da wannan rangwamen, domin leɓenta yana bin leɓen madigadi kai tsaye.

Wata magana a gefe: injin SC an san shi da karyewar dogayen kusoshin da ke ɗaure kan silinda. In ba a taɓa buɗe murfin bawul na ƙasa an duba ba, a fara da wannan. Babu amfanin kwalliya ga motar da za a sauke mata inji bayan wata uku.

Kayan asali ko na faiba

Hanya biyu ce. Ta farko, a nemo kayan 964 na asali: fatar bamba ta roba mai lanƙwasuwa, da gungumen alminiyom da ke bayanta, da maɗaurai. Suna da kyan zubi, ba sa tsagewa in an goga su da dakali, amma an yi su ne don jikin 964, ba ramin noti ko ɗaya da ke faɗawa daidai a SC. Ta biyu, bambar faiba da aka zuba musamman don ta zauna a jikin 1974 zuwa 1989. Ta fi sauƙi da araha, kuma wasu an yi su ta yadda za a bar tsofaffin fitilun baya, ba yanka ba walda.

Ga wanda ke son ya iya komawa asali wata rana, faiba ita ce hanya. Ga wanda ke son motar ta yaudari ido daga mita biyu, sai kayan asali da yanka. A wannan motar an ɗauki tsaka-tsaki: faiba a gaba, na asali a baya. Bayan ne ya ci kuɗin.

Gaba

Kwancewa ba wuya. A cire batir, a zare wayoyin sigina da ke cikin bamba, a kwance robobin gefe, gungumen bamba, da farantin ƙasa. Kowane noti cikin leda da rubutu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a jefar da gungumen alminiyom a rataya faiba ita kaɗai a kan siraran ƙarafuna. A 911 tankin mai da batir suna gaba, ba inji a tsakaninsu da motar da za a buga. Faiba mai kaurin milimita uku ba ta tare komai. Abin yi shi ne a bar bututan da ke riƙe da bamba a mazauninsu, a rage tsohon gungumen ta gefe biyu har ya shige cikin sabuwar fata, ko a nemo na 964 a yi masa farantin haɗi da ƙarfe mai kaurin milimita huɗu zuwa biyar. Fatar sai ta rataya a kan gungumen, gefunanta kuma a ɗaure su ga madigadi da ƙananan maɗaurai masu dogon rami, don a iya matsawa sama ko ƙasa.

Faiba sabuwa ba ta gama bushewa ba ko da ta yi tauri a hannu. A bar ta a rana kwanaki, ko a gasa ta a ɗakin fenti a zafin digiri 60 na 'yan sa'o'i, tana ɗaure a jikin mota, kafin a taɓa ta da fila. In an tsallake wannan, bayan zafin bazara na farko sai zanen zaren faiba ya bayyana ta cikin fenti, kusurwoyi kuma su ɗage. Gwaji kuwa sau uku ko huɗu ake yi, a ɗora, a yi alama, a sauke, a goge. Ratar da ake nema tsakanin bamba da bonet da madigadi milimita huɗu ce, ko'ina daidai. Tankin ruwan wanke gilashi da ke cikin madigadin hagu da hon sukan tokari kusurwar bamba, a matsar da su maimakon a yanke faibar.

Baƙin mai: abin da ba a gani a hoto

Nan ne motoci da yawa suka lalace bayan sun fito da kyau. Ana cewa iska ke sanyaya injin 911, amma babban kaso na aikin baƙin mai ke yi. Tsarin yana ɗaukar kusan lita 13. Tankin yana bayan tayar baya ta dama. Da mai ya kai zafin digiri 83 ko kusa, wani bawul ya buɗe, mai ya bi bututai biyu ta gefen dama har cikin madigadin gaba, ya huce ya dawo. A SC abin hucewar ko dai bututu ne mai lanƙwasa ko jerin bututan tagulla, gwargwadon shekara da ƙasar da aka kai motar, kuma ba shi da fanka. Iskar da ke kurɗawa ta ƙarƙashin tsohuwar bamba da ramin taya ita yake sha.

964 kuwa an tsara hancinta da lagireton mai na gaske da fanka da hanyar iska. Bambarta ta fi sauka ƙasa, ta fi rufe kusurwa. In aka ɗora ta a SC ba a yi komai ba, iskar da ke shiga ta bakin bamba sai ta watse a gaban but, ba ta kai ga madigadin dama ba. A cikin gari da sanyin kaka ba za a lura ba. A babbar hanya da rani, ko a cunkoso, allurar zafi da ta saba tsayawa tsakanin 90 da 100 sai ta haye 120. Mai ya tsinke, matsinsa ya faɗi in inji na aiki a tsaye, kuma waɗancan kusoshin kan silinda ba sa son haka.

Maganin kashi uku ne. A cire tsohon abin hucewar a sa lagireton mai na Carrera 3.2, wato 911 ɗin da ta gaji SC, wanda ke zama a mazauni ɗaya, tare da fanka irin wadda aka fara sa wa ƙirar 1987. A yi hanyar iska da farantin alminiyom ko faiba daga bakin bamba zuwa fuskar lagireton, a toshe gefunan da soso mai jure zafi, domin iska ba ta bin ta cikin lagireto muddin ta samu hanyar kewayewa. Sannan a ba iskar mafita ta bayansa zuwa ramin taya, da raga don tsakuwa. Fankar ta samu nata fis da rile, kada a jona ta a wayar fitilar hazo don ita ce kusa. Motar da za ta zauna a ƙasa mai zafi, wannan shi ne mafi ƙarancin abin da za a yi mata.

Dokin ƙofa

Murfin gefe na 964 roba ne dogo, da wani yanki mai tashi a gaban tayar baya. Yana rufe abubuwa uku da SC ke buƙata.

Na ɗaya, ramin jak. SC tana da bututu mai kusurwa huɗu a dokin ƙofa, nan jak ɗinta ke shiga. 964 ta ƙasa ake ɗaga ta. In an rufe ramin, ranar da taya ta fashe a hanya za a gane. A yanka ƙaramar taga mai murfi daidai bututun. Na biyu, SC ba ta da sifirin mai naɗi. Sandunan ƙarfe masu murɗuwa ke ɗauke da ita, kuma na baya ta wani zagayayyen rami a gaban tayar baya ake zare su. Don haka wannan yankin na murfin da noti za a ɗaure shi, ba da gam ba. Na uku, bututan man nan biyu suna kwance a ƙarƙashin dokin ƙofar dama. Wanda ya ɗauki injin huda ya bi layi bai leƙa ba, zai huda bututu. A wannan gefen a yi maɗaurai da za su kama wuraren da tsohon murfin ke kamawa, in kuma dole a huda, a sa wa bakin injin matsayi a milimita biyar. Kowane rami a shafa masa firaima da kakin hana tsatsa, a kuma buɗe ramukan tsiyayar ruwa a ƙasan murfin, ɗaya a kowane santimita 30.

Baya

Fitilun bayan 964 sun fi girma, sun kuma ɗan kwanta, kuma jan gilashin tsakiya yana ɗauke da fitilar ribas da ta hazo, waɗanda a SC ba a nan suke ba. Ba za su shiga ramukan SC ba sai an yanke ramukan an walda na 964, daga mushen mota ko sababbin yankuna. Daga wannan yankan babu komawa cikin sauƙi.

Kafin a kunna giranda, a zubar da baƙin mai a cire tankinsa. Yana daf da fitilar dama, kuma tururin mai a cikin tanki mai rabi ya fi cikakke haɗari. A cire akwatin wutar filogi da ke ɗakin inji, a janye wayoyi, a rufe inji da bargon walda, a rufe gilasai domin tartsatsi yana manne musu ya bar tabo.

Yadda ake yi: a ɗaure fitilu da jan gilashi da murfin inji na ɗan lokaci, a tabbatar layinsu ya miƙe daga hagu zuwa dama, sannan a zana wurin yanka. A yanka ƙasa da zanen, a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan. Ƙarfen jikin bai kai milimita ɗaya ba a wurare da yawa, don haka wayar walda mai kaurin milimita 0.6 ko 0.8, ɗigo ɗigo, ana tsallakawa ana barin wuri ya huce. Mai jan walda a miƙe zai tarar madigadin ya kumbura kamar faifai, kuma fila ba ta gyara wannan. Inda ƙarfe ya hau ƙarfe, a huda ramuka na milimita shida zuwa takwas, tazarar 25 zuwa 30, a cike su da walda. A goge zinkin daga bakin haɗin tukuna, domin yana sa walda ta yi ramuka, hayaƙinsa kuma yana sa zazzaɓi. A yi aikin inda iska ke wucewa, da abin rufe hanci na gaske. Bayan an gama, a shafe bayan haɗin da firaimar ifoksi da gam ɗin toshe haɗi. Ta baya tsatsa ke farawa, inda taya ke watso ruwa da gishirin da ake zuba wa titunan Turai da hunturu.

Sai salansa. Ta SC a gicciye take bayan inji, bakinta ta hagu. Bakin ta 964 ta dama yake, kuma nan aka yanke wa bambar asali gurbi. Ko a sauya salansa mai fita ta dama, ko a toshe gurbin a buɗe wani ta hagu. Na farko ya fi, domin facin roba mai lanƙwasuwa yakan nuna kansa bayan fenti. Ko wanne aka zaɓa, robar ba alminiyom ba ce: a bar aƙalla milimita 25 tsakaninta da salansa, da farantin kare zafi a tsakani wanda bai manne da robar ba. In ba haka ba fenti ya yi ƙuraje, sannan bambar ta saki ta zazzago a tsakiya.

Murfin inji yana hawa maratayan SC ba da gardama sosai ba. Fiffikensa a 964 yana tashi da kansa a gudun kilomita 80, ya kwanta in mota ta kusa tsayawa, kuma wani ƙaramin akwati ne ke karanta gudu ya ba shi umarni. A SC ko a nemo akwatin a daidaita shi da siginar mitar gudu, ko a sa makunnin hannu. Kada a bar shi a kwance a yi doguwar tafiya, domin tashinsa yana rage ɗagawar baya yana kuma ƙara buɗe wa inji hanyar iska. Ƙaramin injin lantarkin da ke ɗaga fiffiken yana cin wuri a ƙarƙashin murfin. A ɗora dunƙulen laka a kan akwatin iska da kwamfuresar esi, a rufe a hankali, a buɗe a auna. Ƙasa da milimita goma, inji zai taɓa in ya girgiza. Kwandansar esi ta SC ma a jikin murfin take, sai an sama mata wani wuri.

Wili

Ramukan noti iri ɗaya ne, biyar a da'irar milimita 130, shi ya sa wilin 964 ke shiga a ɗauka an gama. Bambancin yana lambar ET, wato nisan fuskar ɗauri daga tsakiyar wilin. SC mai wilin inci 16 tana da faɗin inci 6 da ET36 a gaba, faɗin 7 da ET23.3 a baya. Wilin 964 mai inci 17 da ake kira Cup faɗin 7 da ET55 ne a gaba, 8 da ET52 a baya. A lissafa: a baya leɓen ciki zai matsa ciki da kusan milimita 41, ya gogi hannun ƙafa ko bututun mai. A gaba zai matsa da kusan 32.

Faifan tazara mai kaurin milimita 20 a gaba da 25 a baya yana daidaita shi. Da 25 ɗin, leɓen waje na baya ya fito da milimita tara kawai fiye da asali, na ciki ya shiga da 16. Faifan ya kasance mai leɓen tsakiya na 71.6, kada nauyin mota ya koma kan kusoshi. Tsofaffin kusoshin sun yi gajarta, a sa dogaye ta yadda noti zai ci aƙalla juyi goma. Notin Porsche rufaffen kai ne. In kusar ta yi tsayi, zai tokare a ƙarshe, sifana ta nuna ya ɗauru alhali wilin na motsi. Ɗauri a 130 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗaure noti), a sake dubawa bayan kilomita 50. Taya 205/50 a gaba da 225/45 a baya sun kusa da tsayin na asali, mitar gudu ba za ta yi ƙaryar da ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe da mutum biyu a ciki, a duba leɓen madigadin gaba.

Madubai su ne mafi sauƙi: mazauni ɗaya, sai dai a zare wayoyin daga filogi ɗaya bayan ɗaya, a rubuta launinsu kafin a zare.

Fenti da takardu

Abu uku za a fesa, ƙarfe da faiba da roba, kuma ba sa shan fenti iri ɗaya. Ƙarfe: ifoksi, sannan fila da ba ta wuce milimita biyu zuwa uku ba, goga da sandfefa daga lamba 80 zuwa 180, firaima, 320, a ƙare da 500. Faiba: a wanke man zubi da ke jikinta kafin a goga, in ba haka ba sandfefa ta tura shi ciki fenti ya yi idon kifi. Roba: maganin kama fenti, da sinadarin laushi a cikin firaima da kiliya. A fesa su rana ɗaya daga haɗi ɗaya, a kwance ko a tsaye kamar yadda za su zauna a jikin mota, musamman in launin mai ƙyalƙyali ne.

A Jamus aikin bai ƙare ba sai mai duba mota na TÜV ko makamancinsa ya gani. Wili da faifan tazara da bamba suna buƙatar takardar gwajin kaya, a shigar da su cikin takardun mota. Fitilu kuma su kasance masu tambarin amincewa. Akwai kuma lambar H ta motocin da suka kai shekara 30, wadda ke sa harajin shekara ya tsaya a yuro 191.73 ta kuma ba da izinin shiga unguwannin da aka hana tsofaffin motoci. Sharaɗinta motar ta kasance kamar asali, ko canjin ya zama irin wanda za a iya yi cikin shekara goma na farkon rajistarta. Ga motar 1982 wa'adin ya kai 1992. Bambar 964 ta fito a 1989, ta shiga. Wilin Cup da madubin ɗigon ruwa na ƙirar 1991 zuwa 1992 ne, suna bakin gaɓa. SC ta 1978 ba ta da wannan hujjar ko kaɗan. A je wa mai dubawa da hotuna da jerin kaya tun kafin yanka.

Lambar shasi kuwa tana nan tana cewa SC, kuma haka za a rubuta ranar sayarwa. Kasuwar ma ta juya baya: tun da kamfanin Singer na Kalifoniya ya fara aiki a 2009, 964 ake kwancewa ana mayar da ita siffar motocin kafin 1974, kuma SC da ba a taɓa ba ta fi wadda aka canza daraja a wurin masu saye. Don haka tsofaffin bambobi, robobin gefe, murfin inji, wili, har yankunan ramin fitilar da aka yanke, a shafa musu mai, a rubuta hagu da dama, a ajiye su a busasshen wuri tare da ledojin notinsu.